Nazarin Lamari: Bindigar da Ta Ƙi Saiti Duk da Na'urar Leza

Asalin lamarin

Wani maharbi mai lasisin farauta yana da bindiga mai sakata, ƙirar .308 Winchester, wadda ya daɗe yana harbi da ita da saitin ƙarfen da ta zo da shi. Da idonsa ya fara gajiya wajen tsinkayar nesa, sai ya sayi madubin hange mai ƙara girma daga ninki 3 zuwa 9, mai gilashin gaba na milimita 40. Shi da kansa ya ɗaura shi. Akwai gado biyu, wato mazaunan madubi, a saman bindigar, na gaba da na baya, kowanne da noti biyu, sai zobba biyu da ke zaune a kan gadajen suna rungume da jikin madubin. Daga tsakiyar bututun bindiga zuwa tsakiyar madubi santimita 4.5 ne. Harsashin da yake amfani da shi mai nauyin giren 150 ne (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), yana fita da gudun kusan mita 860 a daƙiƙa.

Abin da yake so bai da yawa: harsashi ya faɗi daidai inda gicciyen cikin madubi ya nuna a nisan mita 100. Madubin yana da murɗi biyu, na sama mai ɗaga saiti ko sauke shi, da na gefe mai kai shi dama ko hagu. Kowane ƙas ɗaya na murɗin kwata ne na MOA (ma'aunin kusurwa ne), wato kusan milimita 7.3 a mita 100.

Don kada ya ɓarnatar da harsashi, ya sayi na'urar leza mai siffar kwanson .308. Ana zura ta a mazaunin harsashi, haskenta ya bi ta cikin bututu ya fita ta baki, ya sauka a bango a matsayin jan ɗigo. Akwai wasu ire-iren na'urar: mai sanda da ake cusawa ta bakin bindiga, mai maganaɗisu da ke mannewa a bakin, da mai gilashi da zanen murabba'ai da ake leƙawa ta cikin madubi. Duka aikinsu ɗaya ne, su nuna inda ramin bututun ya dosa. Harsasai 20 ke gare shi.

Rana ta farko: saiti a cikin ɗaki

Ya cire ma'ajin harsashi, ya buɗe sakata, ya leƙa ya tabbatar babu komai a ciki. Ya kafa bindigar a kan tebur tsakanin buhunan yashi, ya sa batura a na'urar, ya zura ta. Jan ɗigo ya bayyana a bango mai nisan mita 10. Ya zaɓi cikin ɗaki ne saboda jar leza ba ta ganuwa sosai a hasken rana.

Gicciyen yana sama da ɗigon, ya ɗan karkata dama. Ya ce bari ya sauke shi, sai ya murɗa akasin alamar UP da ke jikin murɗin sama, gicciyen kuwa ya ƙara hawa. Dalili shi ne alamomin da ke jikin murɗi suna magana ne a kan inda harsashi zai faɗi, ba inda gicciye zai tafi ba. In aka murɗa wajen UP, gicciyen sauka yake yi a cikin madubi, maharbi ya ɗaga bakin bindiga don ya maido shi kan abin harbi, harsashi ya hau. Haka na gefe: alamar R tana kai harsashi dama, gicciye kuma hagu. Da ya lura da haka sai ya juya hannu, ya yi ta murɗawa har gicciyen ya hau kan ɗigon daram. Bai ƙirga ƙas nawa ya yi ba. Ya cire na'urar, ya zare baturanta, domin irin wannan ba ta da makunni, kuma ƙananan baturan ba sa jimawa.

Rana ta biyu: fitar farko zuwa filin harbi

Ya kafa takarda mai faɗin santimita 40 da tsawon 40 a mita 100. Ya harba uku. Babu huda ko ɗaya a takardar. Ya ga kamar ƙura ta tashi a tudun da ke bayan allon, can sama, sai ya sauke saiti da ƙas 10 bisa kintace, ya ƙara biyu. Takarda tana nan fes.

Lissafin abin da ya faru ga shi. Madubi yana santimita 4.5 sama da bututu. In aka tilasta wa layin ido da layin bututu su haɗu a mita 10, to layin bututu yana hawa santimita 4.5 a kowace mita 10, kuma ba ya tsayawa bayan sun haɗu. Kafin ya kai mita 100 ya wuce layin ido da santimita 40 da ɗoriya. Harsashin yana ɗaukar kusan daƙiƙa 0.12 kafin ya isa can, a wannan lokacin nauyinsa ya ja shi ƙasa da kusan santimita 7. Saura santimita 33 sama da tsakiyar takarda, alhali daga tsakiya zuwa gefen sama santimita 20 ne kawai. Ƙas 10 da ya sauke sun rage santimita 7, har yanzu harsashi ta saman takarda yake wucewa.

Ya matso da allon zuwa mita 25. Harsashi na shida ya huda takarda, santimita 4.5 sama da tsakiya, santimita 2 zuwa dama. Ya raba 4.5 da 0.73, ya samu 6, ya sauke ƙas 6. Na bakwai ya faɗi santimita 3.5 sama da tsakiya, kamar bai taɓa murɗin ba. Wani maharbi da ke kusa ya tuna masa cewa ƙas kusurwa yake aunawa, ba tsawo ba: abin da ke milimita 7.3 a mita 100, milimita 1.8 ne kawai a mita 25, don haka sai an ninka adadin sau huɗu. Ya kuma gaya masa cewa bindigar da aka saita a mita 100 da irin wannan tsayin madubi ba ta bugun tsakiya a mita 25, harsashinta yana faɗuwa kusan santimita 2 ƙasa da inda aka nufa, domin a nan bai gama hawa zuwa layin ido ba.

Da wannan ya sauke ƙas 30, ya kai hagu ƙas 11. Na takwas ya faɗi santimita 2 ƙasa da tsakiya, a kan layin tsaye. Jimillar abin da ya sauke tun safe ƙas 46 ke nan.

Ya koma mita 100. Harsasai uku duk sun shiga takarda, amma tazarar na sama da na ƙasa santimita 14 ce. A da, da saitin ƙarfe, bindigar tana tara uku cikin santimita 6 zuwa 7. Ya gyara murɗi yana bin hudar ƙarshe, ya ƙara uku. Suka warwatse kamar na farko, kuma ba ta wajen da ya murɗa ba. Ya tashi da harsasai 6 a aljihu.

Mako na biyu: zargin na'ura, harsashi da bututu

Na'urar leza ya fara zargi. Da yamma, bayan rana ta yi sanyi, ya ɗaure bindigar a maƙalin teburin aiki yadda ba za ta motsa ba, ya manna farar takarda a mita 25. Ya ɗiga alama da alƙalami a gindin na'urar. Ya zura ta alamar tana sama, ya sa aka ɗiga inda hasken ya sauka. Ya juya ta kwata, aka ɗiga, ya sake juyawa, har sau huɗu. Bai rufe sakata ba, yatsa ya sa yana danna na'urar ta zauna, domin ƙugiyar da ke fizgo kwanso takan ture ta gefe ko ta juya ta in an kulle.

Ɗigo huɗun ba su faɗi wuri ɗaya ba. Sun zana da'ira mai faɗin santimita 4. Ma'ana hasken bai fita daidai da tsakiyar jikin na'urar ba, ya karkace da santimita 2 a mita 25, wato santimita 8 a mita 100, kuma wajen da zai karkata ya dogara ne da yadda aka zura ta. Tsakiyar da'irar ita ce ainihin inda bututu ya dosa. Wannan ya bayyana santimita 2 na dama da ya gani a harsashi na shida: a ranar farko hasken ya karkata hagu, ya bi shi da gicciye, harsashi ya faɗi dama. Amma bai bayyana warwatsewar ba. Karkatacciyar leza tana matsar da dukan rukunin huda zuwa gefe guda, ba ta raba su.

Sai ya bi sauran abubuwan da ake zargi. Ya wanke bututu. Ya zura siririyar takarda tsakanin bututu da katakon gaba, ta wuce har gindi ba ta maƙale ba, ke nan katako ba ya taɓa bututu. Ya gwada notocin da ke haɗa ƙarfen bindiga da katako, suna ɗaure. Ya gwada na zobba, suna ɗaure. Notocin gado bai kai gare su ba, domin zobba da madubi sun rufe su.

A ƙarshen makon ya koma fili da harsasai 6 da suka rage. Wannan karon ya kiyaye komai. Katakon gaba ne a kan buhun yashi, ba bututu ba, domin bututun da aka ɗora a kan abu mai tauri yakan jefa harsashi sama. Ƙaramin buhu a ƙarƙashin gindi. Kunci a wuri ɗaya kowane lokaci. Minti 3 tsakanin harbi da harbi don bututu ya huce. Bai taɓa murɗi ba ko sau ɗaya. Rukunin farko santimita 11, na biyu santimita 12, dukansu a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, alhali faɗinsu ta gefe bai wuce santimita 3 ba. Harsasai 20 sun ƙare.

Mako na uku: inda matsalar take

Siffar warwatsewar ita ta ba da hanya. Da harsashi ne mara kyau ko hannu ne ke rawa, da hudar ta bazu ta kowane ɓangare. Doguwa a tsaye, siririya ta gefe, tana nuna wani abu ne ke motsi sama da ƙasa.

A nan ya yi amfani da lezar ta wata fuska. Ya mayar da bindigar maƙali, ya zura na'urar alamarta tana sama, ya sa aka ɗiga wuri biyu a takardar mita 25: inda hasken ya sauka, da inda gicciye ya tsaya. Sai ya sa babban yatsa ya tura gaban madubin sama da ɗan ƙarfi, ya saki. Ɗigon leza bai motsa ba, ke nan bindiga ba ta gusa ba. Gicciye kuwa ya hau, bai dawo ba. Ya danna gaban madubin ƙasa, gicciye ya sauka ya tsaya a wani wurin. Tsakanin wuraren biyu santimita 2.5. A mita 100 santimita 10 ke nan, kusan daidai da abin da takardun harbi suka nuna. Karkatar lezar ba ta hana wannan gwaji ba, tunda ba a tambaye ta ina tsakiya take ba, an bukaci kawai ta tsaya wuri ɗaya.

Saura a san ko cikin madubin ne ya lalace ko mazauninsa ne. Ya kai wa mai gyaran bindiga. Shi kuma ya sauke madubi da zobba, ya kama gadon gaba da yatsu ya jijjiga. Ido bai ga komai ba, amma yatsa ya ji ɗan motsi. Ya kwance notocin gadon duka biyu, ya ɗaure na gaban shi kaɗai iya ƙarfinsa: notin ya tsaya cak, gado kuwa yana rawa a ƙarƙashinsa. Da ya zaro shi, kan notin ya yi ƙyalli, ya ɗan baje.

A bindigogi masu sakata da yawa, ramin notin gaba na gadon gaba yana sauka ne a kan zaren bututu, inda bututu ya shige cikin jikin bindiga. Ramin gajere ne. In noti ya fi shi tsawo ko da kaɗan, ƙarshensa zai tokare da bututu kafin kansa ya danne gadon. Mai ɗaurawa zai ji ya ɗauru tam, alhali bai riƙe komai ba. Noti ɗaya ne ya rage yana riƙe da gadon, shi ma raminsa cike da man da aka shafa wa bindiga, ya ɗan saki da shurin harbi. Kowane harbi sai gaban gadon ya ɗaga ko ya koma, ya zauna a sabon wuri.

Motsin da ake magana a kai ƙanƙani ne ƙwarai. Tsakanin zoben gaba da na baya kusan santimita 10 ne. In zoben gaba ya ɗaga da kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin takardar rubutu guda, saiti ya gusa da santimita 10 a mita 100. Shi ya sa jijjiga madubi da hannu a kalle shi da ido ba ya kama irin wannan matsala.

Gyara da sake ɗaurawa

Mai gyaran ya goge ƙarshen notin da zarto, ya rage kusan zare ɗaya. Ya wanke ramuka huɗun da notocinsu da abin cire maiƙo, ya bar su suka bushe. Ya gwada kowane noti shi kaɗai, ya tabbatar kowanne yana danne gado ba tare da taimakon ɗan'uwansa ba. Ya kuma ja sakata gaba da baya don ya ji ko wani noti ya leƙo ciki yana gogar ta. Sannan ya ɗiga gam ɗin noti mai launin shuɗi, wanda ake iya kwancewa daga baya, ya ɗaure da sukudireba mai awon ƙarfi daidai adadin da kamfanin gadon ya rubuta.

Kafin a mayar da madubin, an dawo da gicciyensa tsakiya: aka murɗa kowane murɗi a hankali har ƙarshe, aka dawo ana ƙirga ƙas har ɗaya ƙarshen, aka koma rabi. Zobba aka tura su gaba har suka tokare da tsagar gado kafin a ɗaure, domin in bindiga ta yi shuri baya, madubi gaba yake son zamewa. Maharbin ya ɗora bindiga a kafaɗa, madubi a ninki 9, aka ja shi gaba da baya har hoton ya cika ba baƙin zobe a gefe, ido yana kusan santimita 9 daga gilashi. Aka daidaita bindigar da ma'aunin lebur, aka rataya igiya mai nauyi a nesa, aka juya madubin har layin tsaye na gicciye ya bi igiyar. Murafen zobba aka ɗaure su kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, giɓin dama da na hagu daidai, aka tsaya a nutan-mita 2 na awon ƙarfin ɗauri. Wuce haka yana iya matse jikin madubi har ya hana kayan cikinsa motsi yadda ya kamata.

Aka maimaita gwajin yatsa. Gicciye ya ɗan lanƙwasa da turawa, ya dawo wurinsa da aka saki.

Saitin leza wannan karon a mita 25 aka yi. Aka juya na'urar sau huɗu, aka samo tsakiyar da'ira, aka ɗiga alama santimita 1.5 sama da ita, aka kai gicciye kan wannan alamar, ba kan hasken ba. Adadin ya fito ne daga lissafi: don harsashi ya bugi tsakiya a mita 100, sai layin bututu ya tashi daga santimita 4.5 ƙasa da layin ido zuwa santimita 7 sama da shi, hawan santimita 11.5 ke nan, kuma a kwatan hanya yana nan kusan santimita 1.5 ƙasa da layin ido. Da a mita 10 za a yi, da giɓin ya zama kusan santimita 3.5. An kiyaye ido a tsakiyar madubi, domin madubin da ba shi da murɗin nisa an daidaita shi ne don wajen mita 100, a kusa kuwa gicciye yakan yi yawo a kan takarda in kai ya motsa. Daga ƙarshe aka zare sakata gaba ɗaya, aka leƙa ta cikin bututu daga baya: tsakiyar da'irar tana tsakiyar ramin.

Mako na huɗu: fita ta uku

Kafin ya sa harsashi, ya zare sakata ya leƙa bututu ya ga haske daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mai amfani da na'urar da ake cusawa ta baki ya fi kowa bukatar wannan, domin harbi da sandarta a ciki yana fasa bututu, yana kuma iya raunata mai harbin da na kusa da shi.

Harbi ɗaya a mita 25: santimita 2.5 ƙasa, santimita 1 hagu. Bai taɓa murɗi ba. Ya wuce mita 100, ya harba uku yana barin bututu ya huce. Suka taru cikin santimita 3.5, tsakiyarsu santimita 2 ƙasa, santimita 4 hagu. Daga tsakiyar rukunin ya yi awo, ba daga hudar ƙarshe ba: ƙas 3 sama, ƙas 5 dama. Uku na gaba suka kewaye tsakiyar takarda. Harsasai 7 suka gama aikin.

A daren ya sake zura lezar, alamarta tana sama, ya rubuta inda ɗigon ke sauka a mita 25 a bindigar da ta riga ta saitu: santimita 3.5 ƙasa da gicciye, santimita 1 hagu. Ya ajiye takardar a akwatin bindiga. Bayan wata guda da doguwar tafiya a mota, ya gwada, ɗigon yana nan a wurinsa. Harbi ɗaya da sanyin bututu a mita 100 ya faɗi cikin santimita 2 daga tsakiya.

Hukunci

Matsala uku ce ta haɗu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Karkatar lezar, wadda aka fara zargi, ita ce mafi ƙanƙanta: santimita 8 ba sa fitar da harsashi daga takarda mai faɗin 40. Abin da ya cinye harsasai biyar na farko shi ne ɗora gicciye a kan ɗigo a mita 10, sannan tsallakawa kai tsaye zuwa mita 100. Harbi ɗaya a mita 25 tun da fari da ya nuna kuskuren nan take. Sauran goma sha biyun da suka warwatse kuwa noti ɗaya ne ya cinye su, kuma babu na'urar saiti da za ta gyara madubin da mazauninsa ke motsi. Murɗa saiti ana bin hudar ƙarshe a fitar farko ya ƙara ɓoye matsalar, domin ya cakuɗa motsin gado da motsin murɗi. Rukunai biyu da ya harba ba tare da taɓa komai ba, su suka fito da siffar da ta kai ga gano ta, kuma a ganinmu su ne harsasai mafi amfani cikin ashirin ɗin.

Na'urar leza layin bututu kawai take nunawa. Ba ta san faɗuwar harsashi ba, ba ta san yadda bututu ke girgiza lokacin harbi ba, ba ta san yadda maharbi ke riƙe bindiga ba. Iyakacin abin da za a nema a wajenta a saitin farko shi ne ta shigar da harsashi cikin takarda, kuma ba ya halatta a fita farauta da bindigar da leza kaɗai ta saita, domin kuskuren santimita 8 ko 10 a jikin dabba yana iya zama rauni ba kisa ba. Inda ta fi amfani a wannan lamari wurare biyu ne da ba a saye ta dominsu ba: ta zama tsayayyen ma'auni da ya tona motsin gado ba tare da an harba ko ɗaya ba, sannan ta zama abin duba saiti bayan tafiya ko faɗuwa, muddin ana zura ta da alama a sama kuma ana auna ta a nisa ɗaya kowane lokaci.